Daga Kware Zuwa Bakura: Shin Bello Ya Yi Daidai Da Ya Yaƙi Abdussalami?

A farkon shekarar 1818 wani malami ya iso Bakura da rauni a jikinsa, bai jima ba ya cika. Sunansa Abdussalami, Ba'are ne, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne tun ana Degel. Ba Gobirawa suka raunata shi ba, ba kuma Kabawa ba. Rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce ta kewaye garinsa na Kware, arewa da Sakkwato, ta ci shi da yaƙi, a lokacin da ba a cika shekara guda da rasuwar Shehu ba. Mutumin da aka soma jihadi a kan jama'arsa shi ne babban mutum na farko da sabuwar daular ta juya wa takobi.

Masu karatun tarihi a ƙasarmu sun rabu biyu a kan wannan lamari, ko da yake ba kasafai ake faɗin rabuwar a bainar jama'a ba. Wasu na cewa Bello ya yi abin da ya wajaba a kan duk shugaban da ya karɓi amanar daula tana jaririya. Wasu na cewa Abdussalami ya yi tambayar da ta dace, aka amsa masa da kibiya. Ina ganin ya kamata mu mutanen Mafara, Bakura da Maradun mu fi kowa damuwa da wannan muhawara, domin a ƙasarmu aka shuka farkon labarin, a ƙasarmu kuma aka binne ƙarshensa.

Kafin a yi maganar tuta da dawaki, Shehu ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru. A wannan zamanin ne, wajajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Sallah, ya yi masu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya roƙi abu 5 a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Faru da Magami yau sunan mazaɓa ɗaya ne a ƙaramar hukumar Maradun. A lura da buƙatu biyu na ƙarshe. Tun ranar farko, alkawarin wannan tafiya ya haɗa da ɗan kurkuku da manomin da haraji ya danne. Da wannan alkawari Zamfarawa da Arawa da sauran talakawan ƙasar Hausa suka shigo, da shi kuma za a auna duk abin da ya biyo baya.

Abdussalami na cikin waɗanda suka amsa kiran da wuri. Da zama ya yi zafi a Gobir, sai ya kwashi mutanensa ya koma Gimbana. Sarkin Gobir Yunfa ya aika aka ci garin, aka ɗauro mutane, aka biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, da mubaya'a, da yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci runduna aka karya Yunfa. Saboda haka babu mai iya cewa Abdussalami ɗan tsakar rana ne da ya zo bayan an gama wahala.

Masu goyon bayan Bello sukan fara da halin da daular ke ciki a 1817. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi tun 1808, amma Gobirawa ba su miƙa wuya ba. Kabawa na jiran dama. Da labarin rasuwar Shehu ya bazu a watan Afrilu, garuruwa da dama suka warware alkawari, musamman a nan Zamfara. A cikin gida ma zama bai daidaita ba, don Malam Abdullahi, wanda aka ba shi yammacin daular a rabon 1812, bai yi wa ɗan wansa Bello mubaya'a nan take ba. A irin wannan yanayi sai ga gari mai ganuwa, tafiyar ƙasa da yini daga Sakkwato, yana karɓar duk wanda ya gudo daga hukunci, yana hulɗar ciniki da abokan gaba, shugabansa kuma malami ne mai magoya baya da kowa ya san tarihinsa. Suka ce da Bello ya kau da kai, da kowane mai tuta daga Katsina har Adamawa ya fahimci cewa mubaya'a riga ce da ake tuɓewa in an ji zafi.

Suna ƙarawa da cewa Bello bai fara da yaƙi ba. Ya rubuta wasiƙu, ya aika manzanni, ya kafa hujja da littafi, sai da abin ya ƙi sannan ya fita. Kuma shi da kansa ya tattara wasiƙun da suka yi musaya a littafinsa Sardul Kalam, har da ƙorafin abokin hamayyarsa. Mai son ɓoye zalunci ba ya ajiye wa na baya takardar wanda ya zalunta.

Amma hujjarsu da ta fi ƙarfi a wurina ita ce abin da Bello ya gani da idonsa a 1805. Bayan asarar Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda aka rasa mutane kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200, jama'a ta gangaro Zamfara, ta sauka a Sabon Gari, saboda Zamfarawa masoya ne kuma suna da tsohuwar gaba da Gobir tun da Sarkin Gobir Babari ya rushe Birnin Zamfara. An karɓe su hannu biyu. Sai dai yunwa ake yi, runduna kuma ba ta noma. Mayaƙa suka shiga rumbunan masu masaukinsu. Kafin shekara ta ƙare, Zamfarawan da suka yi maraba sun zama abokan gaba, kuma rubuce-rubucen shugabannin jihadin ba su ɓoye cewa ɓarnar mutanensu na cikin dalilai ba. A kan hanyar Alwasa ma, mayaƙa suka afka wa garin da ke da amana, shugabanni suna hanawa ba a saurare su ba, aka je aka sha mummunan kashi. Wanda ya rayu cikin wannan ya san cewa mai makamin da ba ya jin umarni, ko da sunan addini ya fito, talaka ne abincinsa na farko. In Bello ya dage cewa takobi ɗaya ne zai yi magana a daular, ba son mulki kaɗai ya koya masa haka ba.

A nan masu wannan ra'ayi sukan kawo misali daga wani wuri mai nisa, wurin da ambatonsa ke da nauyi a zuciyar kowane Musulmi. Ba ina daidaita jihadin Shehu da kafa Isra'ila ba ne, ko kusa. Manufa daban, zamani daban, kuma abin da aka yi wa Falasɗinawa zan zo kansa. Tambaya ɗaya ce kawai ta haɗa su: idan masu gwagwarmaya suka wayi gari da ƙasa a hannu, wa zai riƙe bindiga?

Ranar 14 ga Mayun 1948 David Ben-Gurion ya shelanta kafa Isra'ila. A lokacin Yahudawa na da ƙungiyoyin makamai uku: Haganah, wadda ita ce babba kuma tana ƙarƙashin shugabancin siyasa, sai Irgun ta Menachem Begin, sai Lehi. A ƙarshen watan aka kafa rundunar ƙasa guda, aka haramta kowace runduna dabam. Ba a yi wata ɗaya ba sai ga jirgin ruwa mai suna Altalena ya iso maƙare da makamai da Irgun ta samo daga Faransa. Begin ya nemi a ware wani kaso ga mayaƙansa, musamman na Birnin Ƙudus. Ben-Gurion ya ce duk abin da ke cikin jirgin na gwamnati ne. Aka yi harbe-harbe a gaɓar teku, ranar 22 ga Yuni aka buga wa jirgin igwa a gaban Tel Aviv ya kama da wuta. Mutum 16 na Irgun da sojoji 3 suka mutu, alhali ƙasar na tsakiyar yaƙi da maƙwabtanta Larabawa. Begin ya hana mutanensa ramuwa, ya koma siyasa, ya yi kusan shekara 30, galibi yana adawa, kafin ya zama firaminista a 1977. Ben-Gurion bai tsaya kan abokan hamayya ba: kafin ƙarshen 1948 ya rushe hedkwatar Palmach, zaratan mayaƙan ɓangarensa. Masu kare Bello na cewa ga shi nan, ko a wata nahiya, ko a wani ƙarni, ƙasa ba ta tsayuwa da runduna biyu. Har ma suna nuna cewa Sakkwato ta yi nata sulhun: bayan ragowar mutanen Abdussalami sun yi tsayayya a Kalambaina, inda Bello ya kawo wa baffansa Malam Abdullahi ɗauki har suka shirya, an bar Buhari ɗan Abdussalami ya zauna a Jega, zuriyarsa na sarauta a can har yau.

Ɗaya ɓangaren ba su musanta yawancin wannan ba. Abin da suke cewa shi ne an fara labarin daga tsakiya. Kafin a tambayi me ya sa Abdussalami ya ɗaga tuta, a tambayi me ya tarar bayan nasara. Da aka raba ƙasa, manyan yankuna sun tafi hannun dangin Shehu da manyan Fulani masu tuta, shi kuwa aka ba shi ɗan abin da bai kai matsayinsa ba, daga baya ma aka matso da shi Kware inda ido zai riƙa ganinsa. Ya rubuta wa Bello yana nuna yadda aka kasa ƙasar, yana tambayar ina nasa rabon. Ana iya cewa malami bai kamata ya nemi rabon duniya ba. To amma waɗanda suka samu rabon su ma malamai ne. Kuma ba kansa kaɗai yake wa magana ba: bayansa akwai dubban mutanen da ba Fulani ba, waɗanda suka ba da jininsu tun Gimbana, suna kallon yadda sarauta ke komawa gidaje ƙalilan.

Babban mashaidinsu kuwa ba ɗan tawaye ba ne. Malam Abdullahi ne, ƙanen Shehu, wazirinsa, jagoran Tabkin Kwatto. A 1807, ana kan hanyar yaƙi, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda abin da ya gani na kwaɗayin mulki, tara dukiya da ƙwaraƙwarai, da watsi da abin da aka fito dominsa. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam don koya wa sababbin masu mulki iyakar ikonsu, sannan ya komo. Idan mutum na biyu a tafiyar ya ga ɓarnar da ta sa shi juya baya shekara 10 kafin Kware, da wane dalili za a ce ƙorafin Abdussalami ƙage ne? Bambancinsu shi ne ɗaya ya yi fushi da alƙalami, ɗaya ya yi da ganuwa. Sannan duk abin da muka sani game da Kware ta hannun wanda ya ci yaƙin ya iso mana. Bello ya kyauta da ya adana wasiƙun, amma shi ya zaɓi waɗanda za a adana, shi ya yi masu sharhi.

Misalin Isra'ila ma, in aka karanta shi har ƙarshe, yana juyowa ya sari masu kawo shi. Gaskiya ne kisan Deir Yassin na ranar 9 ga Afrilun 1948, inda aka hallaka ƙauyawa sama da 100, aikin Irgun da Lehi ne, ƙungiyoyin da ba sa jin umarni. Amma korar mutanen Lidda da Ramla a watan Yuli, dubban iyalai da aka tasa a ƙafa cikin zafin bazara, aikin rundunar ƙasa ce mai tsari, bayan an ƙona Altalena, kuma Yitzhak Rabin ne ya sa hannu a takardar umarnin. Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa gidajensu, ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai, aka kuma hana su komowa da hukuncin gwamnati, ba da hukuncin 'yan daba ba. Haɗa bindiga a hannu ɗaya ya tsare ƙasar daga yaƙin basasa, amma bai tsare wanda ke gaban bindigar ba. Wannan ce maganar da ɓangare na biyu ke so a ji: tsari da adalci ba abu ɗaya ba ne, kuma shugaban da ya iya ladabtar da mayaƙansa yana iya amfani da ladabin nasu ya yi abin da 'yan tawaye ba su da ƙarfin yi.

Suna kuma nuna cewa takobin Kware bai kawo wa Zamfara kwanciyar hankali ba. An ci gaba da fitowa yaƙi wannan yanki shekara da shekaru, aka kakkafa ribaɗi, kuma har a 1891, farkon zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, Mafara ta yi tawaye aka murƙushe ta da ƙarfi. Fiye da shekara 70 bayan Bakura, ana nan ana amsa ƙorafi da dawaki.

Ni dai, bayan na auna, ina ganin Bello ya yi daidai a ranar Kware. Ban ga yadda shugaban da aka yi wa mubaya'a zai bar gari mai ganuwa da mayaƙa a ƙofar babban birninsa yana ƙulla hulɗa da waɗanda ake yaƙi da su ba. Da daular ta tarwatse a 1818, ba Abdussalami ne zai gaje ta ba, yaƙin kowa da kowa ne zai gaje ta, kuma mun ga a 1805 wanda ke biyan kuɗin irin wannan. Duk wanda ya karanta Usulus Siyasa, nasihar da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya san mutum ne da ya ɗauki mulki a matsayin nauyin da za a tambaye shi a kansa gobe ƙiyama.

Sai dai ban yarda cewa ranar Kware ce ranar da ya kamata a yi wa hukunci ba. Kuskuren ya riga ya faru a shekarun da suka gabata, lokacin da ake rabon ƙasa da muƙamai ba tare da wata kafa da mai ƙorafi zai bi ya samu hukuncin da ya hau kan kowa ba. Muddin Shehu na raye, shi ne wannan kafa. Ya janye daga harkar mulkin yau da kullum, ya zauna Sifawa yana karantarwa da rubutu, kuma don ba ya neman komai wa kansa, kowa na iya kai kuka gare shi ya karɓi abin da ya yanke. Da ya rasu, sai wanda ake ƙara da wanda zai yi hukunci suka zama mutum ɗaya. Abdussalami ya rubuta ƙorafinsa ga Bello a kan rabon da Bello ke ciki. Ko da Bello ya fi kowa adalci, wannan tsari ba zai gamsar da mai ƙara ba. Abin da ya fi ba ni tausayi a labarin ke nan: mutum biyu da suka yi karatu a gaban malami ɗaya, kowanne na jawo aya da hadisi, babu na ukun da za su tsaya a gabansa.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan ba hirar tsofaffi ba ce shi ne halin da muke ciki. Waɗannan ƙananan hukumomi uku kowacce ta ba Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Duk da haka a shekarar 2021 kaɗai an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, an shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, an ɗebi ɗalibai a Kaya. Manomi na biyan kuɗi kafin ya shiga gonar da ya gada. A irin wannan hali mutane suka kafa 'yan sa-kai, kuma ba na zargin wanda ya ɗauki bindigar toka don ya tsare ƙofar gidansa. Amma mun ga yadda kisan da ba alƙali ya yanke ba, a kasuwa ko a kan hanya, ya mayar da rikicin sata ya zama gabar ƙabila, har gwamnatocin jihar suka sha haramta ƙungiyar. A watan Yunin 2022 gwamnatin jiha ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, hedkwatar tsaro ta ƙasa ta ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, wato yunƙurin shigar da masu kare gari ƙarƙashin doka da albashi da umarni ɗaya.

Magoya bayan Bello za su ce wannan mataki shi ne daidai, kuma ina tare da su: gara makami a hannun wanda ke da shugaba, da lamba, da wanda zai tuhume shi. Amma ɓangaren Abdussalami na da tambayoyin da ba a amsa ba tukuna, kuma su ne nake so Majalisar Dokokin Jiha da sarakunanmu na Mafara, Bakura da Maradun su riƙa yi da babbar murya. Idan askari ya ci zarafin makiyayin da bai yi laifi ba, a gaban wa makiyayin zai kai ƙara, kuma zai iya isa wurin da ransa? Idan albashi ya yanke wata uku, rumbun wa za a buɗe? Idan aka zauna sulhu da masu bindiga a daji, wa ke wakiltar matar da aka kashe wa miji, kuma me ya sa wanda ya ɗauki makami ke samun kujera a zaman da wanda ya yi haƙuri ba ya samu? Su wa ake ɗauka aikin, kuma akwai Bafulatanin ruga a cikinsu, ko kuwa an sake yin rabon da wani ɓangare zai duba ya ce ina nawa?